Yaya, gasar kamfanonin inshora ba ta sallami gwamnati ba

Assalamu alaikum jama'a. Yaya, na saurari muryarka ta jiya, inda ka ce in dai kamfanonin inshorar lafiya masu zaman kansu sun yi yawa suna gasa, gwamnati ta huta, kuɗin haraji sun tsira. To, kana da gaskiya ta wani ɓangaren, amma ka yi haƙuri in ɗan ja da kai.

Ka ga, hannun gwamnati na cikin kasuwar nan ko ba a ganinsa. A Amurka, inshorar da wurin aiki ke biya wa ma'aikaci ba a cire mata harajin kuɗin shiga, tun 1954 aka rubuta haka a doka. Kenan duk sanda farashi ya hau, abin da baitulmali ke yafewa shi ma ya hau. Ostareliya kuwa a 1999 ta fara mayar wa mai sayen inshora kashi 30 cikin ɗari na abin da ya biya. Wannan kuɗin kowa ne fa, har da wanda ba shi da halin saye.

Inda maganarka ta zauna daram ita ce dokar inshorar lafiya ta Obama a Amurka, ta 2010. Tallafin da gwamnati ke ba mutum don sayen inshora ana auna shi da farashin tsari na biyu mafi araha a rukunin azurfa, wato rukunin inshora mai matsakaicin matsayi, na yankinsa. Sabon kamfani ya shigo ya karya farashi, tallafi ya sauka, gwamnati ta samu sauƙi. Nan kam gasa ta yi rana.

Amma abin da ke ci mini rai, ba a farashi kaɗai suke gasa ba. Inda doka ba ta hana ba, gasar tsintar masu lafiya suke. Ka ɗauki dattijo mai ciwon suga da hawan jini, ya zauna yana cike fom, ya kai layin da ake tambayar tsohon ciwo, ya rubuta gaskiyarsa. Sai a yanka masa kuɗin da ba zai iya ba. Ina zai nufa? Asibitin gwamnati. Kamfani ya kwashe matasa masu jini a jika, dattijon nan kuma ya dawo wuyan mai biyan haraji. Wallahi wannan na damuna.

Shi ya sa Holan a 2006 ta ce dole kowane kamfani ya karɓi duk wanda ya zo, kuma mai lafiya da marar lafiya farashi ɗaya zai yanka musu a tsarin asali, sannan ga asusun da ke cika wa kamfanin da marasa lafiya suka yi masa yawa. Shi ma asusun, mafi yawan kuɗinsa daga abin da mutane ke samu ake yankowa. In kana da ja, Yaya, turo murya, ina saurare.