Jakadan da ke riƙe da yaƙi da miyagun ƙwayoyi: mene ne aikinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatun hulɗar ƙasa da ƙasa, na kuma ji cewa a ma'aikatar harkokin wajen Amurka akwai babban jami'in da aka damƙa wa yaƙi da miyagun ƙwayoyi a duniya. Shi ne ke kamo dillalai a ƙasashen waje? Ta wace hanya ake kaiwa wannan kujera?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kamun dillalai aikin DEA ne, hukumar Amurka mai yaƙi da fataucin ƙwayoyi, tare da 'yan sandan ƙasar da abin ya shafa. Wanda kake nufi shi ne mataimakin sakataren harkokin waje mai shugabantar INL, wato sashen kula da miyagun ƙwayoyi da tabbatar da doka a ƙasashen waje. Kayan aikinsa kuɗi ne da yarjejeniya: ya horar da 'yan sanda da alƙalai na wasu ƙasashe, ya ba su jirage da na'urori, ya kuma fitar da rahoto duk shekara kan ƙoƙarin kowace ƙasa. Shugaban ƙasa ke zaɓarsa, Majalisar Dattawa ta tabbatar.

Dubi William Brownfield, wanda ya riƙe kujerar daga 2011 zuwa 2017. Ya shiga aikin jakadanci a 1979, ya fara daga ƙaramin ofishin jakadanci na Maracaibo a Benezuwela. Sai a 2002 ya zama jakada, a Chile, ya koma Benezuwela a 2004, sannan Kolombiya a 2007. Wato fiye da shekara 30 yana hawa mataki-mataki kafin a ba shi ragamar.

Zamansa a Caracas, babban birnin Benezuwela, ya nuna iyakar wannan aiki. A 2005 Shugaba Hugo Chávez ya yanke hulɗa da DEA, a 2006 kuma magoya bayan gwamnati suka bi ayarin motocin Brownfield suna jifa da ƙwai da tumatir. In mai gida ya rufe ƙofa, kuɗin baƙo ba sa buɗe ta.

Kolombiya ce ta fi cancantar ka zauna ka nazarta. Ƙarƙashin shirin Plan Colombia da aka fara a 2000, an riƙa fesa maganin kashe ciyawa daga jirgin sama kan gonakin koka, ganyen da ake yin hodar iblis da shi. Ƙididdigar ofishin UNODC na Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna gonakin sun sauko zuwa hekta 48,000 a 2013. An daina feshin a 2015 saboda fargabar illarsa ga lafiya, zuwa 2017 gonakin sun kai hekta 171,000. Tun feshin na gudana ma, manomi kan sake shuka ko ya nausa cikin daji, noman kuma ya ƙaru a Peru. Dalilin a fili yake: ƙauyen da ba shi da hanyar mota ba zai iya kai ayaba ko kofi kasuwa ba, mai sayen koka kuwa har gida yake zuwa da kuɗi a hannu. A ganina, auna nasara da yawan hektar da aka lalata shi ne babban kuskuren wannan fanni, talaka manomi kuma shi ya ɗanɗana kuɗarsa.

Sauran aikin a teburin shawara ake yin sa. Duk watan Maris ƙasashe 53 na CND, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan miyagun ƙwayoyi, suna taruwa a Vienna kan yarjejeniyoyin ƙayyade ƙwayoyi na 1961, 1971 da 1988, suna jefa ƙuri'ar sanya wani magani ko sinadari cikin jerin waɗanda aka ƙayyade. A can aka sanya NPP da ANPP, sinadaran haɗa fentanil (maganin ciwo mai tsananin ƙarfi da ake shaye-shayensa), a 2017, bayan Amurka ta nema. Kafin ƙuri'a irin wannan sai an shafe watanni ana lallashin ƙasa bayan ƙasa.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Tramadol da ya addabi matasanmu ba ya cikin waɗancan jerin na duniya, domin ana tsoron marasa lafiya za su rasa maganin ciwo mai sauƙin kuɗi. Shi ya sa nauyin ya faɗo kan dokar kowace ƙasa, irin aikin NDLEA a Najeriya, da kuma ƙasashen da ake sarrafa shi, kamar Indiya wadda ta ƙayyade shi a 2018. In wannan fanni kake so, ka ƙware a dokokin ƙasa da ƙasa, ka koyi Faransanci ko Sifaniyanci, ka kuma iya karanta kasafin kuɗi da ƙididdigar lafiya.