Damuwa Na Iya Kawo Ciwon Jiki Da Saurin Tsufa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 46, ina jinyar mahaifiyata mai shanyewar ɓarin jiki. Wata biyar ke nan wuyana da kafaɗuna da ƙuguna suna ciwo, kaina kamar an ɗaure shi da igiya. Na sha maganin maleriya da na taifot, babu sauƙi. Likita ya ce damuwa ce. Anya damuwa za ta sa ciwo haka? Ƙawayena kuma sun ce na tsufa lokaci guda. Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikis salam, Hajiya. Allah ya ba Mama lafiya, ya ba ki ladar jinya. Ciwon da kike ji na gaske ne, kuma maganar likitanki tana da tushe.

Duk lokacin da hankali ya tashi, wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke saman ƙoda suna sakin sinadaran adirinalin da kotisol. Zuciya ta ƙara bugu, naman wuya da kafaɗa da muƙamuƙi ya ɗaure. Da na 'yan mintoci ne, da ba komai. To mai jinya ba ta da ranar hutu, sai naman ya wuni ya kwana a ɗaure, ciwon kai irin naki ya biyo baya. Ban da wannan, ƙwaƙwalwa tana da hanyar rage saƙon zafi tun daga lakar gadon baya. Doguwar damuwa da ƙarancin barci suna raunana hanyar, sai ɗan ciwon da a da ba za ki kula da shi ba ya hana ki sakat. Ciwo ya hana barci, rashin barci ya ƙara ciwo.

Batun tsufa ma an bincika. A 2004, Elissa Epel da Elizabeth Blackburn a Amurka sun duba iyaye mata masu jinyar 'ya'yansu, suka ga telomiya, wato murfin da ke kare bakin zaren gado (DNA) a ƙwayar halitta, wanda ke gajarcewa yayin da mutum ke tsufa, ya fi gajarta a wurin waɗanda suka fi daɗewa suna jinyar. Amma abin da ƙawayenki suka gani a fuskarki yawanci rama ce da rashin barci, kuma waɗannan suna gyaruwa. Ki tuna kuma tsakanin shekara 45 zuwa 55 ne al'ada ke ɗaukewa, ita ma tana zuwa da ciwon gaɓoɓi da zufar dare.

Ki fara da komawa asibiti a auna hawan jini, sukari, yawan jini da sinadarin gaɓar tayroyid da ke maƙoshi. Sannan ki tara 'yan'uwa a raba kwanan jinya. Wannan ne muka fi ba wa muhimmanci, domin babu maganin da zai yi wa wadda take tashi sau huɗu kowane dare aiki. Babba na buƙatar barcin awa 7 zuwa 9. Ki bar shayi mai ƙarfi da goro daga la'asar. Ki riƙa tafiyar sassarfa ta minti 30, kwana 5 a mako. Idan ya yi yawa, ki fara da minti 10 bayan asuba. Kuskuren da aka fi yi shi ne kwanciya saboda ciwo, alhali nama yana ƙara sanƙarewa ne idan ba a motsa shi. Safe da dare ki zauna minti 5, ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake shi a hankali kina ƙirga shida, sannan ki ɗora tawul mai ɗumi a wuya na minti 15.

Idan baƙin ciki da rashin sha'awar komai sun kai mako 2, ki nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa. Akwai asibitin tarayya a Barnawa, Kaduna, kuma zuwa can ba hauka ba ne. Idan tunanin kashe kai ya zo, ko kika ga zazzaɓi, kumburin gaɓa, ciwon ƙirji, mutuwar hannu ko ƙafa, ko fitsari ya fara kuɓuce miki, ki je asibiti a ranar.

Tambaya: Ni direba ne, shekaruna 52. Bashi ya yi min yawa, bayana kuma ciwo. Kullum sai na sha haɗin da mai kemis ke ba ni. Akwai illa? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Akwai, Malam. Irin wannan haɗin sau da yawa yana ɗauke da diclofenac ko ibuprofen, masu jawo gyambon ciki, su taɓa ƙoda, su ɗaga hawan jini idan ana shan su kullum. Wani lokaci ana sa dexamethasone, mai kumbura fuska da ɗaga sukari da raunana ƙashi. Wanda ya daɗe yana shansa kada ya yanke lokaci guda, sai likita ya rage masa a hankali. Tramadol kuwa jiki na sabawa da shi. Ko paracetamol kada ya wuce ƙwaya 8 masu 500mg a awa 24. Ka kai wa likita ƙwayoyin ya gansu, ka gaya masa zancen bashin da yadda barcinka yake. A hanya, ka tsaya duk bayan awa 2 ka taka na minti 5, ka naɗe tawul ka sa a bayan ƙugunka.