Motar gida bayan ritaya: bari tsuntsaye su tsara maka hanya

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka tun shekaranjiya, na bari sai na sami natsuwa. Ka ce baɗi za ka ajiye aiki, kai da maiɗakinka kuna son sayen motar gida, wato mota mai ɗakin kwana a ciki, ku zaga Amurka. Kana tambayar wace iri ta dace, yaya ake tsara hanya, kuma ko da gaske ne mutum yana iya kallon tsuntsaye daga zango ba sai ya kutsa daji ba. Allah ya sa a gama lafiya. Ni da uwargida shekararmu ta bakwai ke nan a wannan harka, ga abin da hanya ta koya mana.

Batun mota ba zan daɗe a kansa ba, domin kowa za ka tambaya tasa zai yaba. Akwai ajin A mai kama da babbar bas, akwai ajin B da bai wuce ƙaramar bas ba, sai ajin C mai gado a saman kan direba. Tamu ajin C ce, tsawonta ƙafa 24. Kafin ka saya, yi hayar ɗaya na mako biyu, ku kwana a ciki ranar da ake ruwa tun safe har dare, ka ga ko za ku fito kuna magana da juna. Tsawo kuma ka yi masa tunani sosai. Tsofaffin zangunan gandun dajin gwamnati an gina su ne tun motoci suna ƙanana, babbar mota ba ta shiga da yawansu. A gandun Glacier na jihar Montana, shahararriyar hanyar nan da ke hawa kan dutse ba a barin abin da ya wuce ƙafa 21 ya bi tsakiyarta, mu ma ajiye tamu muka yi. Kuma wuraren da tsuntsaye suka fi yawa su ne irin waɗannan matsattsun wurare masu itatuwa.

In ta hannu za ka saya, duba shekarun taya kafin komai. A gefen kowace taya akwai lamba, alƙaluma huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar motar gida ba ta cika suɗewa ba, tsufa ne ke kashe ta, saboda zaman da take yi a rana. Ni ban san haka ba. Na sayi mota tayoyinta kamar sababbi a ido, ashe sun haura shekara takwas. Ta baya ta fashe mana a wata na biyu, ta yage bututun ruwa a ƙarƙashi. Allah ya tsare, amma mun kwana uku a garejin da babu ko itace ɗaya. Nauyi ma ka lura da shi. Galan ɗaya na ruwa ya ɗan haura fam 8, tanki mai galan 40 ya zarce fam 330 kafin ka ɗora ko tukunya. Ka loda kayanka duka, ka hau sikelin manyan motoci, ka gwada da nauyin da aka rubuta a jikin ƙofa.

To, tsarin hanya, nan ne na fi son ka saurare ni. Shekararmu ta farko na zauna da taswira na ja layi ta jihohi 19 a wata uku. Mun yi, amma in ka tambaye ni me na gani, fetur na gani da bayan tirela. Kullum sai magariba muke isa zango, in yi ta faman ja da baya a duhu, uwargida na haska mini da tocila tana cewa dama, ni kuma ina jin hagu. Gari na wayewa mu naɗe wayar wuta da tiyo mu kama hanya. Mutum ya yi shekara talatin da wani abu yana bin agogon ofis, ya ajiye aiki, sai ya ƙirƙiro wa kansa wani agogon da ya fi na ofis tsanani.

Tsofaffin 'yan hanya suna da wata ƙa'ida ta uku-uku: kada ka wuce mil 300 a rana, ka isa kafin ƙarfe 3 na yamma, ka kwana aƙalla 3. Ni yanzu mil 200 ma ya ishe ni, kuma inda ya yi mana daɗi mako guda muke yi ko biyu. Tafiya sannu sannu kwana nesa, kuma aljihu ma yana hutawa, domin motar da ba ta yin fiye da mil 10 a galan ɗaya, ranar da take tsaye ita ce ranar riba.

Abin da ya gyara mana tsari shi ne da muka daina tambayar ina muke son zuwa, muka koma tambayar ina tsuntsaye suke a wannan watan. Su ma matafiya ne, kuma sun fi mu sanin yanayi: sanyi ya taso su gangara kudu, bazara ta yi su haura arewa. Ka bi su, ba za ka kwana inda bututunka zai daskare ba sai nadiran.

Disamba zuwa Fabrairu muna kudancin Texas. Kusa da garin Rockport akwai zangon Goose Island, daga nan ake zuwa ganin wani farin tsuntsu dangin gauraka, wanda ya fi kowane tsuntsun Arewacin Amurka tsawo, yana kusan ƙafa 5. A 1941 waɗanda suka rage a duniya ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Har yau daga gandun Wood Buffalo na Kanada suke tasowa, tafiyar kusan mil 2,500, su yi hunturu a gandun Aransas. Ranar da na fara ganin uku, iyaye da ɗansu mai tsatsa-tsatsa a gashi, suna tsintar ƙaguwa a fadama, na daɗe ban ce uffan ba. Can ƙasa a kwarin Rio Grande kuma, a gandun Bentsen, ba a shiga da mota, sai ka yada zango a waje ka taka ko ka hau keke. Akwai wani koren tsuntsu mai shuɗin kai da baƙin wuya wanda ba a samunsa a Amurka sai a kudancin Texas, da wani mai kama da kaza da ake kira chachalaka, wanda zai tashe ka da asuba ko ba ka so.

Maris, in kana da juriyar sanyi, ka je kogin Platte a Nebraska, wajen garin Kearney. Wani dangin gaurakan ne, masu ruwan toka da jan goshi, sama da 500,000 suke taruwa. Da rana suna gonaki suna kalar masarar da ta zube, da faɗuwar rana su dawo su kwana a tsaye cikin ruwa marar zurfi, inda abin da zai cinye su ba ya isa gare su a ɓoye. Zangon Fort Kearny yana da tsohuwar gadar jirgin ƙasa da ake tsayawa a kai a kalle su. Kukansu sai ka ji shi a ƙirjinka. Nan ne kaɗai nake saɓa wa maganata ta gudun sanyi: dare yana daskarewa, ka cika tankinka, ka cire tiyon waje kafin ka kwanta.

Afrilu kuma gaɓar tekun Texas, wajen High Island. Ƙananan tsuntsaye suna tasowa daga Yukatan ta ƙasar Meziko da dare, su ƙetare tekun Meziko, kusan mil 600 ba sauka. In suka ci karo da iskar arewa da ruwa, itacen farko da suka gani nan suke zubewa a gajiye. Saboda haka a can ranar mummunan yanayi ita ce ranar fita. Farkon Mayu a Magee Marsh ta Ohio, bakin tafkin Erie, irin wannan ne, sai dai mutane sun yi yawa, ni ban cika son cunkoso ba.

Waɗannan wurare su ne ginshiƙan shekara, su za ka kama tun wuri. Yawancin zangunan gwamnatin tarayya a shafin Recreation.gov ake kama su, galibi wata shida kafin ranar, masu farin jini kuwa cikin mintuna suke ƙarewa. Na jihohi kowace da tsarinta, Texas wata biyar ne. Tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi ka bar sarari, kada ka cike kowane dare, domin mota za ta lalace, jiki zai gaji, jika zai kira. Idan ka kai shekara 62 kuma kana da takardar zama ɗan ƙasa ko ta zaman dindindin, sayi katin dattawa na gandun dajin tarayya: dala 80 har ƙarshen rai, shiga kyauta, kuma a zanguna da yawa rabin kuɗi za ka biya. Ba ya aiki a na jihohi. Inshorar lafiyarka ma ka bincika tun yanzu ko tana bin ka zuwa wata jiha, domin wasu tsare-tsaren sun ɗaure mutum ga likitocin yankinsa. Magani kuma a kantin da ke da rassa ko'ina za ka riƙa karɓa.

Tambayarka ta ƙarshe, e, da gaske ne, kuma mafi yawan tsuntsayen da na rubuta a littafina daga kujerar bakin mota na gan su. Zango yana da abin da suke so: bakin daji, fili, famfo mai ɗiga. Lokacin kama wuri ka buɗe taswirar zangon, ka zaɓi na gefe wanda ya ba itatuwa ko ruwa baya, nesa da bayi da filin wasan yara da layin masu janareto. Ka fito kafin rana, ka zauna rana tana bayanka, ka yi shiru. Ranar farko gudunka za su yi. Zuwa rana ta uku sun ɗauke ka kamar kututture, maƙwaƙwafi zai zo yana sarar itace a saman kanka. Wanda ya kwana ɗaya ya tashi ba zai taɓa ganin wannan ba.

Kayan aiki ba su da yawa. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42, kuma ka sayi biyu, in ba haka ba rigima ce da maiɗaki. Manhajar Merlin ta jami'ar Cornell kyauta ce, tana sauraren kuka ta faɗa maka mai yin sa, amma ka sauke bayanan yankin tun kana da intanet, kuma kada ka yarda da ita ɗari bisa ɗari sai idonka ya gani. A eBird kuma, shafin da masu kallon tsuntsaye ke rubuta abin da suka gani, za ka ga abin da wasu suka gani a zangon a makon, ni da shi nake zaɓar inda zan sauka. A gandun dajin tarayya haramun ne ciyar da namun daji, haka kunna musu kukan waya don a jawo su. Ko inda ba a hana ba, ni ban yarda da shi ba lokacin sheƙa.

Wata safiya a Texas na ɗaga madubi ina neman baƙon tsuntsu, sai ga balbela tana bin shanu a bayan shingen zango. Na ɗauka idona ne. Ashe da kanta ta ƙetare tekun Atlantika daga Afirka zuwa Kudancin Amurka tun ƙarni na 19, ta yi ta haurowa har ta fara sheƙa a Florida a farkon shekarun 1950. Uwargida ta ce wannan ta riga mu zuwa, kuma ba ta nemi biza ba.

In ka tsai da watan da za ku tashi da tsawon motar da kuka samu, ka faɗa mini, in gaya maka lambobin wuraren da muka sauka a Goose Island waɗanda inuwarsu ta fi kyau. A gaida maiɗaki.