Tambaya da Amsa: Ina Wasan Haɗin Gwiwa Ya Rabu da Wasan MMO?

Tambaya: Ni da abokaina uku muna buga wani wasan bidiyo ta intanet, kowa yana gidansa, muna taimakon juna wajen yaƙar abokan gaba. Wani ya ce mini wannan shi ne MMO, wato wasan da ɗimbin mutane ke bugawa tare ta intanet, wani kuma ya ce wasan haɗin gwiwa ne kawai. Tunda duka biyun da mutane ake yin su, mene ne bambancinsu?
Daga wani mai karatu

Amsa: Bisa yadda ka bayyana, mai tambaya, alamu sun fi nuna cewa na biyun ne ya faɗi daidai. Yawancin mutane suna ɗauka cewa yawan 'yan wasa ne ya raba su, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne makomar duniyar wasan bayan kun kashe na'urorinku, wato ko ta tsaya tana jiran dawowarku, ko ta ci gaba da harkokinta ba tare da ku ba.

Wasan haɗin gwiwa an gina shi ne domin mutane kaɗan, galibi biyu zuwa huɗu, waɗanda suke haɗa kai su fuskanci abin da kwamfuta ke sarrafawa. Ya ma girmi intanet ɗin da muka sani, domin tun a 1985 mutum huɗu kan tsaya gaban na'ura guda su buga Gauntlet na kamfanin Atari. Saboda masu tsara irin wannan wasa sun san adadin waɗanda za su buga, sukan auna kowane mataki daidai da su. Dubi It Takes Two, wanda kamfanin Hazelight na ƙasar Suwidin ya fitar a 2021, wanda ba ya buguwa sam sai da mutum biyu. A wani sashe nasa ɗaya, namijin da ke cikin wasan, yana riƙe da ƙusoshi, ɗayar kuma, macen, da kan guduma. Sai ya jefa ƙusa ta kafe a bango kafin ita ta samu wurin maƙala gudumar ta yi lilo ta tsallake. Idan ya yi jinkiri, ta faɗa ƙasa. A irin waɗannan wasanni sau da yawa na'urar ɗaya daga cikinku ce ke ɗaukar nauyin zaman, labarin yana da farko da ƙarshe, kuma ranar da kuka dawo inda kuka bar shi za ku tarar da shi.

MMO kuwa duniya ce da ke zaune dare da rana a kan manyan kwamfutocin kamfani, dubban mutanen da ba su san juna ba suna shiga suna fita, kamar kasuwar da ba ta fasa ci don mutum ɗaya bai zo ba. Ultima Online na 1997 da EverQuest na 1999 suna cikin waɗanda suka share fage, sannan World of Warcraft na kamfanin Blizzard ya zo a 2004, har masu biyan kuɗinsa suka kai miliyan 12 a 2010. Ba a dakatar da irin wannan wasa don wani ya tashi amsa waya. Farashin kaya a cikinsa yana hawa yana sauka gwargwadon cinikin da 'yan wasa ke yi a tsakaninsu, kuma abin da wasu suka aikata kana barci yana iya shafar ka da safe.

A ganina babu abin da ya fito da wannan bambanci fili kamar abin da ya faru a World of Warcraft a watan Satumba na 2005. Masu tsara wasan sun ƙirƙiri wata cuta mai yaɗuwa wadda aka nufa ta tsaya a fagen yaƙi guda, sai dabbobin da 'yan wasa ke tafe da su suka ɗauko ta zuwa manyan birane. 'Yan wasan da ba su yi ƙarfi a wasan ba tukuna suka riƙa faɗuwa matattu, tituna suka cika da ƙasusuwa, wasu suka gudu daji, wasu suka tsaya jinyar jama'a, wasu kuma da gangan suka dinga yaɗa ta. Daga baya har masana annoba suka yi rubutu a kai. Wannan ba zai taɓa faruwa a wasan mutum huɗu ba, domin babu jama'ar da cutar za ta bi. Haka nan a EVE Online, wani MMO na jiragen sararin samaniya, a Janairun 2014 sama da 'yan wasa 7,500 suka shiga yaƙi guda da ya ɗauki kusan awa 21, kuma jiragen da aka tarwatsa sun tafi ke nan.

Zaman duniyar a hannun kamfani yana da tsadarsa. Dole a samu kuɗin riƙe kwamfutocin, shi ya sa ake karɓar kuɗin wata-wata ko a sayar da kayayyaki a cikin wasan, kuma ranar da kamfani ya rufe duniyar, kamar yadda aka rufe wasan City of Heroes a 2012, duk abin da mutum ya tara yana tafiya tare da ita.

Inda ake rikicewa shi ne cewa a cikin MMO ma akwai haɗin gwiwa, tunda a World of Warcraft mutum biyar kan ware su shiga kogo guda su kaɗai. Sannan wasanni irin PUBG suna tara mutum 100 a fage ɗaya, duk da haka ba a lissafa su a MMO, domin da zarar an samu wanda ya yi nasara fagen ya watse, a sake sabo.

Saboda haka ka duba naku wasan. Idan ba kwa cin karo da baƙin da ba ku gayyata ba suna ciniki ko yaƙinsu daban, kuma komai yana tsayawa da zarar ku huɗun kun fita, to wasan haɗin gwiwa kuke bugawa, ko da kuwa ta intanet ne.