Murɗaɗɗen Yanka a Jikin Bututu Ya Ƙi Fita a SolidWorks

TAMBAYA: Injiniya, barka da aiki. A SolidWorks, manhajar zanen injiniya, ina zana bututun ƙarfe mai faɗin milimita 25 da kauri milimita 2, ina so in yi masa tsaga mai kewaya shi kamar zaren kusa, faɗinta milimita 3, tazarar kowane zagaye milimita 60. Duk lokacin da na danna Swept Cut, umarnin da ke jan siffar da aka zana a kan layi tana yanka, sai manhajar ta ƙi, tana cewa wani wuri ba shi da kauri. Da ƙyar ya fita sau ɗaya, amma na auna tsagar ba ta kai milimita 3 ba. Ina matsalar take? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Ƙanena, kwantar da hankalinka, manhajarka lafiyarta ƙalau. Kusan na tabbata ka zana murabba'in yankan ne daidai da kaurin bututun, gefensa ya kwanta a kan fatar ƙarfen cif-cif. In haka ta faru, kwamfuta ba ta iya rarrabe inda ƙarfe ya ƙare da inda yanka ya fara, sai ta ja ta tsaya. Ka tsawaita murabba'in ya zarce fatar waje da milimita 1, ya kuma leƙa cikin ramin da milimita 1. Kada dai ya kai layin tsakiyar bututun, don in ya ƙetare shi zai riƙa cin kansa yayin da yake juyawa. Sannan ka ɗaure tsakiyarsa da bakin murɗaɗɗen layin da yankan zai bi ta hanyar Pierce, umarnin da ke manne ɗigo a jikin layi.

Maganar awo kuwa ita ce ta fi damuna, domin ita ke jawo asarar kuɗi. Na taɓa aika irin wannan zane wani wurin yanka da leza, aka dawo mini da bututu goma sha biyu, na ɗauki fil ɗin da zai bi tsagar, ya ƙi shiga ko ɗaya. Na riƙe bututun a hasken taga ina jujjuya shi kafin na gane laifin daga zanena yake.

Ga dalili. In ka zana murabba'in a kan shimfiɗar da ta ratsa layin tsakiya, faɗin da ka rubuta na tsawon bututu ne, alhali tsagar a karkace take tafiya. Kewayen bututunka milimita 78.5 ne, tazara kuma 60, don haka karkatar ta kai kusan digiri 37. Milimita 3 da ka zana sai ya koma kamar 2.4 in an auna tsagar daga bango zuwa bango. Ka rubuta 3.8, za ka sami ukunka. Ni wannan shimfiɗar na fi so duk da ƙarin lissafin, saboda bangayen tsagar kan fito a miƙe suna fuskantar tsakiyar bututu, yadda kan leza ke yanka da gaske.

Da ka gama, ka fitar da fayil ɗin a tsarin STEP, wanda sauran manhajojin zane ke iya buɗewa, ka roƙi mai injin ya yanka guda ɗaya tukuna, ka sa ma'auni a kai kafin ya ci gaba da sauran.