Kura da shan bugu: ta dace da labarin Chargaff?

Wani ɗalibin kimiyya daga Zariya ya karanta tarihin Erwin Chargaff, masanin sinadaran jikin halittu, ya aiko da tambaya biyu: shin "ɗan ci-rani" za a kira shi, kuma karin maganar "kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi" ta dace da shi?

Ɗana, ta farkon ba ta da wuya. Ɗan ci-rani fita yake yi bayan kaka, ya dawo gida kafin damina. An haifi Chargaff a 1905 a Czernowitz, garin da yau yake cikin Yukren. Bayahude ne, ya bar Jamus a 1933 da Hitler ya hau mulki, ya yada zango a Faransa, ya kama aiki a Jami'ar Columbia ta New York a 1935, kuma a birnin ya rasu a 2002. Wannan ɗan gudun hijira ne da ya zama ɗan gari.

Ta biyun kuwa sai mun fara da gardi. Gardi shi ne mai wasa da kura ko maciji a kasuwa, haka ma babban almajiri a tsangaya. Kada ka haɗa shi da garɗi, wanda yake ɗanɗanon abinci. Kura ake takunkumi, ita ake duka, 'yan kallo su jefa kuɗi, gardi ya tattara. Ana faɗin maganar idan mai wahala daban, mai cin riba daban.

A 1950 Chargaff ya nuna cewa a cikin DNA, sinadarin gado mai ɗauke da ƙananan sinadarai iri huɗu, yawan adenin daidai yake da na tayamin, guwanin kuma da sayitosin. Ya bayyana wa masana biyu, James Watson da Francis Crick, wannan a Cambridge ta Ingila a 1952. A 1953 suka fitar da siffar DNA, aka ba su lambar Nobel a 1962 tare da wani masanin, Maurice Wilkins, shi ba a sa shi ba. Abin ya yi masa ciwo, kuma ina ganin yana da gaskiya.

Duk da haka ba zan kira su gardawa ba. Gardi ba ya ƙara wa kura komai, su kuwa sun hango abin da lissafin yake nufi, cewa sinadaran biyu-biyu suke riƙe da juna, abin da shi bai kai gare shi ba. Shi ma ba a yi masa takunkumi ba: ya ci gaba da rubutu kan halin da kimiyya ta shiga, a 1976 ma ya gargaɗi masana game da sauya ƙwayoyin halitta, domin sabuwar halittar da aka saki ba ta dawowa.