Tarar jinkiri a bashin gida bayan karayar arziki a Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Ohio. Na karye, kotu ta sauke mini basussuka a ƙarƙashin Babi na 7 na dokar karayar arziki, ban kuwa sa hannu a takardar sabunta alƙawarin bashin gidana ba. Ina ci gaba da biyan dala 1,400 duk wata. Watan jiya na makara, banki ya ɗora mini tarar dala 70. Wajibi ne in biya, alhali kotu ta ce ba a bina?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya yaye maka, ɗan'uwa.

Kotu ta sauke bashin daga wuyanka ne, ba ta sauke shi daga kan gidan ba. Jinginar tana nan daram. Sashe na 524 na dokar karayar arziki ya hana banki ya kai ka ƙara a kan aljihunka, amma ya bar masa damar karɓar biyan wata-wata, da sayar da gidan in biya ya tsaya. Tarar tana cikin takardar da ka sa wa hannu tun ranar saye. Yawanci bayan kwana 15 ake ɗora ta, kashi 4 ko 5 cikin ɗari na biyan watan.

A shari'a wannan tara riba ce, irin ta jahiliyya ma, wadda mai bin bashi ke cewa ko ka biya ko in ƙara maka. Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 280, a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta haramta ƙarin kuɗi saboda jinkirin biya. Wasu na kawo hadisin da ya ce jan ƙafar mawadaci zalunci ne. Haka ne, amma kai ba mawadaci ba ne, kuma hadisin bai halatta wa mai bin bashi ƙari ba. Don haka dala 70 ɗin nan ba haƙƙi ba ne da za a tambaye ka gobe ƙiyama.

Sai dai kada ka ce tunda haram ce ka ƙi biya ka naɗe hannu. Tarar da ba a biya ba tana taruwa a kan gidan, ranar da za ka sayar a zare ta daga kuɗinka. Ka fara kiran bankin ka nemi su yafe. Sau da yawa suna yafe ta farko. In sun ƙi, ka kuma ji tsoron abin da zai taɓa matsugunin iyalinka, ka biya a matsayin wanda aka tilasta, zunubin yana kan mai karɓa. Abin da ba ka da uzuri a kai shi ne ka makara da gangan alhali kuɗin na hannunka, domin nan kai ka jawo ribar da kanka. Ka sa a riƙa cire kuɗin kai tsaye daga asusunka.

Rashin sa hannunka a takardar sabunta alƙawarin nan kuwa, ni ina ganin alheri ne a gare ka, don da sabon ƙulli ne na riba. Uwar kuɗin dai haƙƙinsu ce, aya ta 279 ta faɗa, kuma gidan shi ne jinginarta. Kafin ka yanke shawarar sayarwa ko sakin gidan, ka nuna wa lauyan da ya riƙe shari'arka takardun, domin dokar ƙwace gida ta bambanta daga jiha zuwa jiha.

Allah ne mafi sani.